Ƙaramin Yatsan Gwaggo

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ko da baki ma magana wuya take yi mini. Sau biyu ina farawa ina yagewa. Ƙanwata Auta ce ta tsinci takardar a kwandon shara, ta harhaɗa ta a kan tabarma ta karanta, sannan ta ce, "Yaya, ashe a biro kika ɓoye bakinki. Ki ƙarasa mana." To ga shi ina ƙarasawa.

A gida Shiru ake kirana, sunan kuma ya bi ni har wurin aiki. Ina aiki ne a wani lambu da ke bakin titi, inda ake rainon ƙananan itatuwa ana sayarwa. Aikina in cuɗa ƙasa da taki, in ɗura a baƙaƙen ledoji, in jera su layi-layi, in ba su ruwa safe da yamma. Wasu na cewa aikin wahala ne. Ni kam ya yi mini daidai, don dashe ba ya tambayata me ya sa ba na magana. Ranar da na ga sabon ganye ya fito ja-ja a kan wanda na shuka da hannuna, har in tashi aiki raina fari ne.

A can ƙarshen lambun, ƙarƙashin rumfar raga, nan Gwaggo Mai Aska take zama a kan wani guntun benci. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma har mai lambun haka yake ce mata. Ita ce mai yi wa itatuwa aure. Takan ɗauko ɗan dashen da aka raina daga ƙwallo, ta yanke kansa, ta tsaga shi kaɗan. Sai ta fere wani reshe da aka yanko daga bishiya mai 'ya'ya masu kyau, ta cusa shi a tsagar, ta ɗaure da siririyar leda. In sun kama juna sai su zama bishiya ɗaya, saiwar ta wannan, 'ya'yan na wancan.

Dogo mai tura baro ba ya wucewa ta gaban rumfar bai tsokane ta ba.

"Gwaggo, yau nawa aka aurar? Ni fa har yanzu ina kan layi."

"Kai ai sai an fara yanke maka kai," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi. "Miƙo shi nan, askar da kaifinta."

Ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Askar a naɗe take zuwa da ita cikin wani tsohon ƙyalle, ba mai taɓa mata. Kafin ta fara sai ta goga ta a gwiwar zaninta. Ja biyu kawai take yi wa reshe, ɗaya ta nan, ɗaya ta can, ya fito sumul kamar an lashe. Ƙaramin yatsanta na dama kuwa a miƙe yake koyaushe, kamar yana gadin sauran. Ita ma ba mai yawan magana ba ce, amma shirunta ba irin nawa ba ne. In ta yi shiru jira ake yi ta yi magana, ni kuwa mantawa ake yi ina wurin. Na so in zama irinta fiye da yadda zan iya faɗa. Kaɗan-kaɗan na riƙa matsar da tarin ƙasata kusa da rumfar, hannuna na ɗura leda, idona na kan hannunta. Ban taɓa tambayarta komai ba.

A tsakar gidan da muke haya akwai bishiyar mangwaro. Babanmu ne ya shuka ta tun ba a haife ni ba. Direban babbar mota ne. Ya sha wani mangwaro a hanya ya ji daɗinsa, sai ya taho da ƙwallon a aljihu. Umma ta ce har faɗa ta yi masa don ya ɓata farar riga. 'Ya'yan bishiyar ƙanana ne, ba su da kyan gani, amma ba zare ko ɗaya, kuma in ka ajiye guda a ɗaki ƙamshinsa sai ya cika ɗakin. In Baba ya dawo daga tafiya a kan saiwarta yake zama, ya fere mana da 'yar wuƙarsa, ya ba Auta tsoka, ya ba ni tsoka, shi ya tsotse ƙwallon. Ina aji biyar ya rasu. Daga nan na bar makaranta na kama taya Umma. Motar ba tasa ba ce, gidan ba nasa ba ne, kayan sawarsa an rabar. Bishiyar ce ta rage mana.

Da tsohon mai gidan ya rasu, ɗansa ya gaji gidan. Wata ranar hutu ya zo ya gaishe da Umma, ya zauna a bakin tabarma yana ta murza hularsa. Ya ce iyali sun yi yawa, yana so ya ƙara ɗakuna a tsakar gidan nan da 'yan watanni, kuma bishiyar ta tare wurin. Bai yi mana gadara ba, haƙuri ma ya riƙa bayarwa.

"Gidanka ne, ɗana," in ji Umma. "Allah ya sa albarka."

Da ya fita ta shiga kicin, ta daɗe tana wanke tukwanen da na riga na wanke.

Auta ta ce, "To mu shuka ƙwallonsa a wani wuri mana."

Na girgiza kai. Ba lokacin 'ya'ya ba ne, ko ƙwallo ɗaya babu. Kuma a lambu na sha ji ana gaya wa masu saye cewa ƙwallo ba shi da alkawari, kana iya shuka na mai zaƙi ya fito maka da mai tsami. In ana son bishiyar Baba ita kanta, sai dai a ɗauki reshenta a yi masa aure. A raina na ce ai na iya. Shekara nawa ina kallo?

Akwai karkatattun dashen da Dogo ke zubarwa a bayan lambu, waɗanda ba mai saye. Na riƙa tsinto masu rai ina kawowa gida, ina dasawa a gwangwanaye a bayan kicin. Na sayi reza. Da safe na hau tsani na yanko rassa daga bishiyar Baba, na tsige ganyensu, na zauna a kan turmi kamar yadda Gwaggo ke zama a bencinta. Na goga rezar a gwiwar zanina. Na miƙe ƙaramin yatsana. Na yanka, na tsaga, na fere, na ɗaure. Da na gama na kalle su, wallahi ba ka bambanta su da nata.

Kullum kafin in tafi aiki sai na leƙa su, in na dawo ma su nake fara gaisarwa. Bayan kamar mako biyu rassan suka fara yin baƙi daga sama. Na taɓa ɗaya ya karye ƙas. Duk sun bushe.

Na sake tsinto wasu dashen na sake yi. Wannan karon na ce ko yatsan ne ban miƙe sosai ba, don da shi a miƙe rezar takan goce mini. Na yi ta gwadawa a kan karan tsintsiya har hannuna ya riƙa ƙagewa. Rassan nan ma suka yi baƙi.

Umma na tsaye a ƙofar kicin tana kallona ina jujjuya gwangwani. Ta ce, "Ke Shiru, ki tambayi matar nan mana. Cizo take yi?"

"Gobe, Umma."

Goben ta yi yawa. Nakan taka har bakin rumfar da maganar a bakina, in gaishe ta, ta amsa, ta ɗago tana jira. Sai kawai in ce, "Gwaggo, in kawo miki ruwa?" Ta sha ruwa a watan nan har na tausaya mata.

Ana nan ɗan mai gida ya aiko magina suka kafa turaku a tsakar gida, suka ja igiya. Suka ce wa Umma jibi masu yankan itace za su zo da injinsu, a kwashe shanya.

Ran nan na je aiki kamar marar lafiya. Ina ɗura ƙasa, rabi a leda rabi a ƙafata. Da hantsi sai na ji muryar Gwaggo.

"Shiru, zo ki yanka mini ledar ɗauri, tawa ta ƙare."

Ta miƙo mini wata tsohuwar wuƙa da katako. Na durƙusa a gefenta na shimfiɗa leda, na goga wuƙar a gwiwar zanina, na fara yanka siri-siri. Ban san ta daina aiki ba sai da na ji wurin ya yi tsit.

"Ke, me ya sami yatsanki?"

"Ba komai, Gwaggo."

"To me ya sa ya miƙe tsaye kamar an kira sunansa a aji?"

Na sunkuyar da kai. Da ƙyar na ce, "Ai haka kike yi."

Ta kalli hannunta, ta kalli nawa. Sai ta ajiye askar ta fashe da dariya. Ban taɓa jin dariyarta haka ba, har da riƙe ciki, har tana share hawaye da bakin mayafi. Dogo ya saki baro ya taho da gudu.

"Lafiya, Gwaggo? Ko an samo mini ne?"

"Tura baronka, sarkin gulma. Maganar mata ce."

Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yunƙura zan tashi, ta kamo hannuna ta zaunar da ni. Ta juya tafin hannunta ta nuna mini wani farin tabo a gindin yatsan.

"Kin ga wannan? Askar nan ce ta yi mini, shekarar da na fara koyo. Ta tsinka jijiya. Tun ran nan bai ƙara lanƙwasuwa ba. Kullum sai ya tare mini hanya, haƙuri kawai nake yi da shi. Ke kuma ga naki lafiyayye, kin sa shi tsayuwar dole."

Dariyar ta tafi daga fuskarta a hankali. Ba ta saki hannuna ba.

"Wadda ta kwaikwayi har ciwona ba ƙaramin kallo ta yi ba. Gaya mini, 'yar nan, me kike yankawa a gida?"

Nan kuka ya ƙwace mini. A cikin kukan na gaya mata komai, Baba da farar rigarsa, turakun magina, gwangwanayen bayan kicin. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan da wanda ba ɗan gidanmu ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Duk ruwan nan da kika yi ta ɗura mini, ashe wannan ce maganar?" Ta naɗe askarta. "In an tashi ki jira ni."

Da la'asar muka shiga gida tare. Umma ta rikice, tana neman tabarma mai kyau, tana aiken Auta. Gwaggo ta ce, "'Yar'uwa, bar wahalar da kanki, wurin marasa lafiya na zo." Ta wuce bayan kicin ta tsuguna gaban gwangwanayen. Ta kwance ɗaurin guda ta duba cikin tsagar.

"Ɗaurin ya yi. Firar ma ba laifi, in kin daina faɗa da yatsanki za ta gyaru. Ɓawo ya haɗu da ɓawo, wannan mutane da yawa ba sa lura da shi. Yaushe kika yanko reshen?"

"Da safe, na haɗa nan take don kada ya bushe."

"Ganyen fa?"

"Bayan na yanko na tsige."

"To nan ne." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Reshe mai barci kika ɗauko. Kin san manyan bishiyoyin da ke bayan katangar lambu? Kafin ku zo aiki nake shiga can da almakashi. In zaɓi reshe, in yanke ganyensa in bar 'yan sandunan ganyen, reshen kuma in bar shi a jikin uwarsa. Sai sandunan sun zube da kansu, idanun reshen sun kumbura suna shirin toho, sannan in yanko. A lokacin ya farka, yunwa yake ji, duk inda aka sa shi zai kama. Rabin aikin a bayan katanga nake yinsa, ke kuma rumfa kaɗai kike gani. Da kin kalle ni shekara goma ba za ki gani ba, sai dai ki tambaya."

Ta zagaya bishiyar tana ɗaga kai, ta shafa kututturen. Ta zaɓi wani babban reshe da ya leƙa kan katanga, inda rana ke bugu da safe. Ta ciro almakashi daga jakarta ta ba ni. Na hau tsani, Auta na riƙe da shi, Gwaggo na nuna mini daga ƙasa.

"Ba wannan ba, ya yi ɗanye. Na gefensa, mai kaurin fensir. Yawwa. Bar sandan, kada ki yanke har gindi."

Da na sauko ganye ya rufe ƙafafun Auta. Gwaggo ta ce, "Yanzu sai a ba shi mako guda da 'yan kwanaki."

Umma ta ce a hankali, "Jibi za a sare ta."

Gwaggo ta kalli turakun da igiyar, ta ce, "To sai a roƙi mai gidan ya ɗan jinkirta."

"Ni na riga na ce masa gidansa ne," in ji Umma. "Yaron nan bai taɓa takura mana ba. Da wane baki zan koma?"

Sai na kalli Gwaggo. Na san in ita ta je, magana biyu za ta yi a gama.

"Kada ki kalle ni," in ji ta. "Ban san mutumin ba, ban taɓa shan mangwaron ba. Uban wa ya shuka? Aska zan iya ara miki, amma bakina ba ya ciruwa." Ta gyara mayafinta. A bakin ƙofa ta juyo. "Ɗazu a rumfa kin yi magana, ban ga kin mutu ba."

Bayan ta tafi na daɗe a tsakar gida ina bin igiyar magina da ido. Sai na lura kututturen a can kusurwar ƙarshe yake, kusa da katanga. Manyan rassan ne suka rufe inda za a fara haƙa.

Washegari da sassafe na hau tsani na ɗaura jan ƙyalle a reshen da muka yi wa aski. Na yi wanka na sa mayafin Umma, na nufi shagon ɗan mai gida, inda yake sayar da siminti da kwanon rufi. Na yi fatan in same shi shi kaɗai. Na tarar da shi da babban maginin da wasu mutum biyu suna shan shayi a kan buhuna. Na wuce shagon kamar ba nan za ni ba. Na kai har bakin kwana, na tsaya, na dawo.

Sallamata ni kaina da ƙyar na ji ta.

"A'a, Shiru ce? Lafiya dai? Umma fa?"

"Lafiya lau, Yallaɓai."

"Yau kuma ni ne Yallaɓai? Ni da babanki ya sha kamawa a kan mangwaron nan, riga cike da ɗanyu?"

Mutanen suka yi dariya. Na kafa idona a kan wani buhun siminti, na yi magana da shi. Na ce maganar bishiyar ce. Na ce ina so in ɗauki reshenta in yi masa aure don kada irin ya ɓace, amma reshen sai ya ƙara kwanaki a jikinta.

Ya ajiye kofinsa. "Kai, Shiru, da kin faɗa tun da wuri. Na riga na yi magana da masu injin, gobe za su zo. In na mayar da su ban san ranar da zan sake samunsu ba."

Da a da ne, nan zan ce to, na gode, in juya. Har bakina ya fara haɗa to ɗin. Sai na ji ina cewa, "Ba cewa na yi a fasa ba. Su zo su sare duka. Kututturen kawai za su bari da reshe ɗaya, wanda ya leƙa katanga. Na ɗaura masa jan ƙyalle. A kusurwa yake, ba zai hana haƙa ba."

Ya juya wurin maginin. "Malam, ka ji. Gaskiya ne?"

Maginin ya kurɓi shayi ya yi ɗan tunani. "In ta bakin ƙofa muka fara, ba za mu kai kusurwar nan ba sai nan da mako biyu. Kututture kuwa ko da gatari yarana sa cire shi."

Ɗan mai gida ya daɗe yana kallona. "Ashe kina magana," in ji shi. "To an bar miki. Amma da sharaɗi. In ya kama, ɗaya nawa ne. Yarana ma su san abin da ubansu ya sha duka a kansa."

"In ya kama," na ce.

Na isa lambu a makare, rana ta riga ta hau kan ledojina. Ban tsaya wurin tarin ƙasa ba, na wuce kai tsaye rumfar. Gwaggo ta ɗago.

"Ruwa za ki kawo mini?"

"A'a. Ya bari." Na matsa kusa da ita. "Gwaggo, ina so ki koya mini."

Ta matsa gefe a kan bencin, ta tura mini tarin rassan da ta zubar. Ta warware tsohon ƙyallen, ta ɗora mini askar a tafin hannu. Ta fi yadda na zata nauyi. Dogo da ke wucewa ya tsaya baki buɗe, ta daka masa harara ya ja baronsa.

"Kafin idanun can su kumbura, sai kin fere mini waɗannan duka," in ji ta. "Lanƙwashe yatsan."

Na lanƙwashe shi, na ɗauki reshe na farko, na ja.